Ranar da Aka Huda Rufin Motarmu

Tun da sassafe na share tsakar gida, na kwance igiyar shanya, na tura yara gidan maƙwabciya. Wanda ya gan ni ranar zai rantse manyan baƙi nake jira. Eriya za a kafa a kan motar maigidana, kuma mahaifina ne zai kafa ta.

Kada ku yi mini dariya don ina rawar jiki a kan sandar ƙarfe. Baban yara direban doguwar hanya ne. Tun da na shigo gidansa haka muke: ya tafi ya yi makonni, ya dawo da jajayen idanu ya yi barci, kafin in gama ba shi labarin abin da ya faru a bayansa ya sake ɗaukar jaka. Ƙaramar 'yarmu in ya shigo bayana take ɓuya, sai ta fara sakin jiki da shi sannan ya tafi. Na gaji. Ba na ɓoye wa kowa, na gaji har wuya.

Sai ga wani kamfanin madara yana neman mai mota da zai riƙa kwaso musu madara daga gonakin bayan tsauni. Fita da safe, dawowa da yamma, kullum! Amma wayar hannu ba ta kamawa a can, don haka dole kowace motarsu ta zama da rediyon oba-oba, irin wanda za ka danna ka yi magana a amsa maka daga ofis. Manajan kamfanin ya ba Baban yara rediyon a kwali, ya ce ya kafa, ranar Asabar ya je kwarin da ke bayan tsauni ya kira shi kafin ya tashi daga aiki. In ya ji muryarsa, aiki ya zama nasa. In bai ji ba, akwai wani direba da ke jiran gurbin, shi motarsa tuni da eriyarta.

To yau ce Asabar ɗin.

Baba ya tsufa a kan gyaran rediyo, sai da idonsa ya fara gajiya da ƙananan wayoyi ya bar shago. Da na je na gaya masa, ban rufe baki ba ya fara neman jakar kayan aikinsa. Ta wannan gefen ba ni da fargaba. Fargabata ɗaya ce, kuma mutanen nan biyu ne. Tun da aka yi aurena ban taɓa jin sun yi musu ba, don ban taɓa jin sun yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Baban yara, wanda in ya daka wa mai kaya tsawa a wannan bakin tasha har na wancan bakin sai ya waiwayo, da ya ga Baba sai muryar ta shige ciki. Shi ma mahaifin nawa haka yake, ba ya iya kallon mijin 'yarsa ya ce masa yi kaza. Komai sai ta bakina.

Baba ya iso, aka shiga gaisuwa. Ya gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya hanya, aka koma kan gajiya. Ni ina tsaye ina kallon rana tana hawa.

"Baba, rana fa tana yi," na ce.

"Haka ne, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Gaya wa maigidanki a fara cire kan batir. Ba a taɓa wayar mota da wuta a jikinta."

Maigidan nawa yana tsaye kusa da shi, kafaɗarsu ta kusa haɗuwa. Kafin in juya ya ɗauki sifana ya ruga.

Motar 'yar fara ce mai rufaffen baya, ita ce ta farko da ya mallaka bayan shekarun da ya yi yana jan ta mutane. Ko kashin tsuntsu ya gani a kanta sai ya bar abinci ya je ya goge. Na san yadda zancen huda rufinta yake ci masa rai, shi ya sa na ce, "Baba, na ji akwai irin mai maganaɗisu, da ake ɗorawa kawai ba huji."

Baba ya yi tsaki. "A hanyar gona? Rami ɗaya za ku faɗa ta yi tsalle ta sauka a kan wani bawan Allah. A'a. Huji za a yi, a ɗaure ta da noti."

Baban yara ya ce, "Yadda kuka gani, Baba."

Aka jingina tsani. Baba ya hau, ni na riƙe masa, zuciyata a hannu, don gwiwoyinsa ba na jiya ba ne. Ya auna rufin daga gaba zuwa baya, daga gefe zuwa gefe, ya manna salatif a tsakiya, ya ɗiga alama a kai. Yana yi yana yi mini bayani, da ƙarfi yadda na cikin mota zai ji.

"Eriya tsakiya take so, ƙarfe ya kewaye ta ta ko'ina. In ka kai ta gefe, sai ta ji gabas ta kurumce yamma."

Baban yara kuwa yana ciki, ya sauke silin motar don a ga ƙasan rufin, ya fara jawo wayar eriya zuwa gaba inda rediyon zai zauna. Baba ya ƙwanƙwasa wurin alamarsa da gindin sukudireba, ƙwas ƙwas ƙwas.

"Uwata, tambaye shi, ƙasa lafiya? Ba abin da zan taɓa?"

Na leƙa ta taga. "Ka ji Baba."

Sai na ga mutumin nan ya jiƙe da gumi, idanu sun yi wuƙi-wuƙi. Ya yafito ni da hannu. Na zura kai, ya nuna mini sama. Daidai inda ƙwanƙwasar take fitowa, wani ƙarfe ne mai kauri ya gitta daga gefe zuwa gefe, ga wayar fitilar cikin mota kwance a jikinsa.

"Wannan ƙarfen shi ke riƙe da rufin," ya ce da raɗa. "In aka huda nan za a ci shi, a yanke wayar fitila, kuma notin ba zai sami wurin zama ba. Huji ne za a yi a banza, ba a mayar da shi."

"To ka faɗa masa mana!"

"Ni? In ce wa Baba bai auna daidai ba? Haba dai. Ke ki ɗan yi masa hannunka mai sanda, kada ki ce daga ni ne."

Na ja numfashi, na koma gindin tsani. Kafin in buɗe baki Baba ya sunkuyo, shi ma da raɗa.

"Uwata, na hango maigidanki ya bi da wayar eriya ta bakin ƙofa. Ƙofar nan buɗe rufe za ta yi ta matse ta har ta tsinke. Amma kada ki ce ni na faɗa, motarsa ce, ya fi ni saninta."

Oh ni! Ga ni tsaye a tsakiya da asirin mutum biyu, kowa ya ce kada a ce shi ne. Na dake dai, na ce, "Baba, ko za a ɗan matsa da alamar nan baya kaɗan?"

"Shi ya ce?"

Daga cikin mota wata siririyar murya ta fito. "A'a, a'a! Yadda Baba ya gani!"

"To madalla," in ji Baba. Ya sa tabarau ɗin kare ido, ya ɗauki injin huji, ya saita bakinsa a kan alamar, ya yi bismillah. Injin ya ɗauki ƙara.

Wallahi ban san lokacin da na saki tsanin ba, Allah ya sa Baba ya riga ya zauna a kan rufin. Doguwar wayar injin daga kicin aka jawo ta. Na ruga, takalmi ɗaya ya fice, na fizge ta daga soket. Ƙarar ta mutu.

"Kash, an ɗauke wuta," in ji Baba.

"Ba a ɗauke ba, ni na ɗauke!" Na fito da wayar a hannuna. "Baba, ka yi haƙuri, ka gafarce ni, amma yau sai na faɗa. Inda za ka huda akwai ƙarfe da waya a ƙasa, shi ya gani ya ƙi faɗa maka. Kai kuma, wayar da ka bi da ita ta ƙofa tsinkewa za ta yi, Baba ya gani ya ƙi faɗa maka. Ni ba 'yar aike ba ce! Na kwana ina addu'a aikin nan ya samu, ku kuma za ku ɓata mota ku ɓata aiki saboda kunya? Kunyar ce za ta dawo mini da shi gida da yamma?"

Raina ya ba ni na wuce gona da iri, amma idona ya riga ya rufe, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Baba ya cire tabarau a hankali. Ya sauko, na koma na riƙe tsani ina haki. Ya zagaya ya buɗe ƙofar mota, ya shiga ya zauna kusa da surukinsa, ya ɗaga kai.

"Subhanallahi," ya ce. "Ai da na yi ɓarna."

"A'a Baba, laifina ne, ni ne ban..."

"Nuna mini inda ba komai."

Baban yara ya ɗaga hannu, ya shafa wani fili bayan ƙarfen, kamar tafin hannu ɗaya daga alamar farko. Baba ya shafa shi ma, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai.

"Nan ma tsakiya ne, eriya ba za ta yi fushi ba. Wayar nan kuma, babu hanyar da za ta bi ba ta ƙofa ba?"

"Akwai, Baba. In na ɓalle robar ginshiƙin nan za ta bi ta ciki ta sauka har ƙasan kujera, ba abin da zai taɓa ta."

"Ka ga abin da ban sani ba ke nan. Ɓalle."

Jama'a, daga nan aiki ya kama wuta! Na mayar da wayar soket da kaina. Baba ya koma sama, ya sa sabon salatif, ya ɗaure wa bakin injin wani ɗan zobe don kada ya zarce ciki ya taɓa abin da ba a aike shi ba. Ya ƙwanƙwasa, daga ciki aka amsa, "Nan ne, Baba!" Injin ya shiga ƙarfe yana kuka, ni ina leƙen fuskar maigidana ta taga. Ya runtse ido, ya cije leɓe, kamar haƙorinsa ake cirewa. Da ɗan faifan ƙarfen da injin ya yanke ya faɗo cikin tsumman da ya tara, rana ta leƙo ta hujin ta sauka a kan hancinsa, ya buɗe ido ya fashe da dariya. Ni ma na kama dariya har da riƙe ciki.

Baba ya sa na kawo burushi aka share ɓurɓushin ƙarfen tas, wai in aka bar shi a kan fenti tsatsa zai haifar. Ya miƙa sanfefa ciki ya ce a goge kewayen hujin ta ƙasa har farin ƙarfe ya fito, don gindin eriya ya kama jikin mota sosai. Aka sa zoben roba ta sama, aka zura gindin, wannan ya riƙe daga ciki, wancan ya ɗaure daga waje. "Ya isa?" "A ƙara kaɗan, Baba." "Yanzu fa?" "Ya zauna daram!" Ina jin su ina murmushi ni kaɗai, ba wanda ya sake cewa Uwata gaya masa.

Nawa aikin ya zo da Baba ya ce a gwada ko zai yi yoyo. Na ciko bokiti, na hau tsani da kaina, na sheƙa wa rufin ruwa da dukan ƙarfina, har na jiƙa wa Baba hannun riga.

"Ko ɗigo babu!" aka yi ihu daga ciki.

Suka ja wayar wuta zuwa batir, Baba ya dage sai an sa fis dab da batir ɗin, ya ce in waya ta goge wata rana gara fis ya ƙone da mota ta ƙone. Aka mayar da silin, aka ɗaura sandar eriyar, doguwa siririya tana ta lilo. Baba ya fito da wani tsohon ma'auni mai allura ya haɗa, ya danna, ya duba, ya kwance sandar ya datse kanta ɗan mitsitsi, ya sake gwadawa. Allurar ta kwanta inda yake so. Ya juyo gare ni ya ɗaga yatsa.

"Ki ja wa yara kunne. In ana magana a rediyon nan, kada wanda ya taɓa sandar, ƙuna take yi."

Za mu fita ma sai da ya tsayar da mu. Wayar lantarkin da ta shigo gidanmu daga falwaya ta yi ƙasa a bakin ƙofa, mu da muke wucewa ƙarƙashinta kullum ba mu taɓa lura ba. Ya sa aka kwance sandar, aka fitar da mota titi, sannan aka mayar. Ya ce a yi haka kullum har a kira masu wuta su ɗaga ta.

Rana ta riga ta karkata. Na ce ƙafata ƙafarsu, ba wanda ya isa ya bar ni a gida. Muka jeru a gaba, ni a tsakiya, rediyon yana 'yar shiiii a gaban gwiwata. Muka bar gari, kwalta ta ƙare, muka hau tsauni mota tana nishi, muka gangara kwarin. Na duba wayata, ba sabis ko ɗigo. Baban yara ya tsaya a fili nesa da bishiyoyi, ya ɗauki abin maganar, ya saci kallon Baba, ya danna.

"Salamu alaikum... ofis... ko ana ji na?"

Ni da nake manne da kafaɗarsa da ƙyar na ji. Rediyon ya yi ƙara, sai ga muryar manajan ta cika mota, rangaɗau.

"Wa ke nan? Ina jin an danna, amma ba na jin magana."

Na daka tsalle a zaune. Ya kai! Muryar ofis ce a cikin kwarin nan! Na zunguri Baban yara, ya sake dannawa, ya sake yin 'yar raɗarsa, kai a sunkuye.

"Malam, ko waye, ba na jin ka," in ji manajan. "In mai farar motar nan ne, to rediyonka bai yi ba. Ni kuma ina shirin rufe ofis."

Gabana ya yanke ya faɗi. Baba ya duba ma'auninsa, allura lafiya lau. Ya duba wayoyi, komai a ɗaure. Sai ya ɗago ya kalli surukinsa, ya kalle ni. Na riga na cika baki da masifa zan sauke, Baba ya buɗe ƙofa.

"Bari in ɗan miƙe ƙafa," ya ce. "Zaman mota ya riƙe mini gwiwa."

Ya fita, ya kama tafiya cikin ciyawa, hannu a baya. Bai tsaya ba sai da ya yi nisa sosai, ya juya mana baya yana kallon wasu shanu da ke kiwo can gefen tsauni.

Na juyo. "To ga shi ya tafi. Wallahi ka sake yi mini raɗa a nan, da ƙafa za ka koma gida."

Baban yara ya gyara zama, ya cika ƙirji, ya danna.

"OFIS! OFIS! MAI FARAR MOTA NE DAGA KWARIN BAYAN TSAUNI! KANA JI NA?"

Gilashin mota sai da ya amsa. Tsuntsaye suka tashi daga ciyawa.

"Kai! Kai! A hankali, bawan Allah, za ka fasa mini kunne!" Manajan yana magana yana dariya. "Na ji ka tangaran. Da ina ka ɓoye wannan muryar? Litinin da safe ka zo ka ɗauki garewanin madara, aiki naka ne."

Na yi ihu, na rungume wuyansa, na sake shi na buga tafi, na danna hon ɗin mota ban san dalili ba. Can nesa Baba ya juyo ya ɗaga hannu biyu sama. Shi bai buƙaci rediyo ba, daga inda yake ya ji komai.

A hanyar dawowa bakina bai rufu ba. Na tsara wanda za a fara gaya wa, na tsara inda za a riƙa ajiye sandar in an kwance, na ce gobe sai an wanke motar nan har tayoyi. Muna shiga gari na tuna wani abu.

"Yauwa, ka tsaya mini a kasuwa. Tukunyar da nake girkin dare ta yi ƙanƙanta, ta ni da yara ce kawai. Tunda daga jibi da kai za a riƙa dafawa, sai an sayi babba."

Ni magana kawai na yi, ta girki. Ya ci gaba da tuƙi kaɗan, sai ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya kashe mota. Ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa suka fara rawa. Ƙaton mutum, a gaban surukinsa, yana kuka da sauti. Ni ma sai nawa hawayen suka zubo.

Baba ya miƙa hannu ta bayana ya dafa shi.

"Yi abinka, ɗana," ya ce. "Kasuwa ba ta tashi ba tukuna."

Muka zauna a gefen titi har ya gama, ya share fuska da hannun riga, ya tada mota. Da muka isa rumfar masu tukwane shi ya riga ni sauka, kuma shi ya zaɓa. Wadda ya ɗauko ta yi mana yawa, amma ban ce a canza ba.